Taicin Kofur da na Sarzan

Ciwon baya ne ya kai ni ga taici, ba neman ilimi ba. A lokacin ni tela ne a Jibiya. Turawa ba su tafi ba tukuna, sai dai an fara maganar tafiyarsu a bakin kasuwa. Rumfata tana kan hanyar da ta miƙe zuwa shingen kan iyaka, inda motocin gyaɗa da ayarin raƙuma ke tsayawa kafin su wuce Maraɗi. Keken ɗinki na ƙafa gare ni, kuma da kaka, in manoma suka sayar da gyaɗa, kowa sai ya tuna yana da jiki, jikin kuma yana son sabuwar riga. Daga hantsi har rana ta yi sanyi ina duƙe. Da sauran ƙuruciyata, 'yata ta fari ko yaye ta ba a yi ba, amma in na tashi daga kan keke sai na dafa ginshiƙin rumfa na miƙe kaɗan-kaɗan kamar kakan wani.

Ba abin da ba a yi mini ba. Wanzami ya kafa mini ƙaho har bayana ya koma kamar gidan dara. Innata ta dafa wani sassaƙe mai ɗacin da ko akuya ta ƙi kusantar tukunyar. Mai ɗakina ta tattaka ni da ƙafa ina kwance a tabarma, ta ce ita dai ta ji daɗi, ni kuwa ban ji komai ba sai nauyinta.

Ana cikin haka wata rana Kofur ya kawo wandonsa faci. Kofur shi ne mai ɗaga sandar shinge, wata doguwar gora da aka ɗaura wa dutse a gindi. In ma'aikacin kwastan ya gama duba kaya, sai Kofur ya danna dutsen, gora ta yi sama, mota ta wuce. Tsohon soja ne, ya je yaƙin Bama, ɗan gajere siriri mai manyan kunnuwa, kullum da gajeren wandon soja a ƙarƙashin babbar riga. Kowa Kofur yake ce masa, har matarsa.

Na yunƙura zan karɓi wandon, bayana ya riƙe, na tsaya rabi a tsaye rabi a zaune.

Ya ce, "Tela, wa ya naɗe ka haka kamar tabarma?"

Na ce, "Keke ne, Baba Kofur."

Ya zagaya ni yana dubawa kamar mai tayin jaki. Ya ce, "Gobe in an sallame asuba ka same ni a gulbi. Zan koya maka taici."

Kafin in gama facin ya ba ni labarinsa. Bayan an gama yaƙi zazzaɓi ya kwantar da shi a wani asibitin soja, ana jiran jirgin ruwa. A bayan ɗakin girki akwai wani tsohon kuku, mutumin ƙasar Sin, wanda kullum da sassafe yake fita yana motsa hannuwa da ƙafafu a hankali kamar mai tafiya cikin ruwa. Kofur ya ɗauka taɓin hankali ne, har ran da ya ga wani ƙaton soja ya ture tsohon a kan rabon shinkafa, tsohon bai motsa ba, ƙaton ne ya tsinci kansa zaune cikin kwandon albasa. Daga nan Kofur ya riƙa tsayawa a bayansa yana kwaikwayo. Babu mai jin bakin wani. Kalma ɗaya tak ya samo daga bakin tsohon, ita ce sunan abin.

Da na koma gida na ce wa mai ɗakina ta tashe ni da wuri, zan je koyon taici.

Ta ajiye muciya ta ce, "Wa ta ci?"

Na ce, "Ba kowa. Sunan abin ke nan."

"To mi ta ci?"

"Ba ta ci komai ba. Babu ma wata ita. Wani motsa jiki ne na mutanen Sin."

Ta dube ni ta ce, "Malam, in wata ce ke dafa maka abinci a gulbi, ka faɗa mini in huta da daka."

Rani ne, gulbi ya ƙafe, sai yashi fari mai sanyi a tafin ƙafa. Na tarar ba ni kaɗai ba ne almajirin. Akwai wani mahauci maƙwabcinmu, ƙato, tsohon ɗan dambe, wanda ya ji labarin kwandon albasa ya ƙudura cewa akwai wani asirin faɗa a ciki. Ya zo har da layarsa ɗaure a damtse.

Kofur ya sa mu buɗe ƙafafu, mu ɗan lanƙwasa gwiwa. Ya ce, "Ku zauna bisa jaki."

Mahauci ya waiwaya ya ce, "Ina jakin?"

"Babu. Ku zauna bisa jakin da babu. Yanzu ku rungumi randa."

Ita ma randar babu. Muka tsaya a kan jakin da babu, rungume da randar da babu, Kofur yana zagaya mu da tsinke a baki. Ya ce mu sauke kafaɗu, mu saki haƙora, mu ja numfashi har ƙasan cibiya. Ba a jima ba cinyoyina suka fara rawa kamar na ɗan akuyar da aka haifa yanzu. Mahauci ya ce, "Baba, yaushe za a fara dukan?" Kofur ya ce, "Ka riƙe randarka, tana zuba."

Haka muka yi ta yi kullum safiya. Sai da ƙafafunmu suka saba sannan ya fara ba mu motsin, kuma kowanne da sunansa. Tunda bai ji bakin tsohon kukun ba, wani ma'aikacin asibitin ne ya fassara masa wasu, sauran ya raɗa musu da kansa. Akwai kama wutsiyar tsuntsu. Akwai shafa gezar doki. Akwai gauraka ta buɗe fukafukai, inda za ka tsaya nauyinka a ƙafa ɗaya, hannu ɗaya sama ɗaya ƙasa. Akwai maciji na rarrafe, wanda za ka duƙa ƙasa ƙwarai ka miƙe ƙafa guda, hannunka yana bin ta. Abin da Kofur ba ya yafewa shi ne sauri. Ya ce, "In hawainiya ta zo ta wuce ku, to kun fara daidai."

Ni abin ya zo mini da sauƙi, don mai ciwon baya da ma ba ya sauri. Mahauci ne ya sha wuya. Sai ya fara a hankali, fuska a natse, yana zuwa tsakiya sai jikinsa ya tuna dambe, ya kai wa iska naushi har da ƙaraji. Kofur ya ce, "Ka kashe tsuntsun. An ce ka kama wutsiya, kai ka yanka shi ka fige. Koma farko."

Gulbin kuwa hanya ce. Mata na zuwa tonon ruwa a yashi, masu nono na ratsawa da ƙorai a ka. Da farko sukan tsaya daga nesa su rufe baki da gefen zane. Wata safiya muna cikin maciji na rarrafe, mu uku duƙe muna shafa iska dab da ƙasa, sai wani dattijo da ya fito daga Daddara da damin dawa a ka ya sauke kayansa, ya zo ya tsuguna kusa da ni ya fara tona yashi da yatsu.

Ya ce, "Mi ya ɓace maku, samari? Allura ce?"

Kofur ya hana magana a tsakiyar motsi, don haka babu wanda ya amsa. Dattijon ya bi mu har muka juya hagu, shi ma ya juya hagu yana lalube. Da muka miƙe muka sauke hannuwa, ya ce, "Kun gane ta?" Kofur ya ce, "Mun gane ta, Baba, Allah shi saka." Dattijon ya ɗauki dawarsa ya tafi yana murna.

Magana ta kai kunnen liman, wai Kofur ya zo da sabuwar salla ko kuwa bori marar kiɗa. Liman da kansa ya zo ya zauna a kan buzu ya kalle mu daga farko har ƙarshe. Ya tambaya ko akwai inda ake fuskanta, Kofur ya ce duk inda rana ba ta shiga ido. Ya tambaya ko ana kiran sunan wani, aka ce a'a. Ko ana yanka wani abu? Mahauci ya ce shi dai ya so a ce ana yi. Liman ya naɗe buzunsa ya ce, "Wannan ba salla ba ce, ba tsafi ba ne. Rashin aikin yi ne, shi kuwa ban ga inda aka haramta shi da safe ba."

Abin da ban faɗa wa kowa ba a lokacin, don kada a ƙara yi mini dariya, shi ne abin ya fara yi mini daɗi. Akwai wani lokaci, in an ɗan jima ana yi, da ƙafa takan nutse cikin yashi, hannu ya riƙa tafiya da kansa, ka ji kukan kurciya a kan gawo kamar a cikin kunnenka take. Ranar da na fara sunkuyawa na ɗauki almakashi daga ƙasa ban yi nishi ba, sai da na sake jefar da shi na sake ɗauka. Mai ɗakina ta gan ni ta ce, "To, ko wace ce ta ci, Allah shi yi mata albarka."

Sai dai mun lura da wani abu. Kullum in muka kai wani wuri, bayan gauraka da maciji, Kofur sai ya dubi rana ya ce lokacin shinge ya yi. Da mahauci ya matsa masa, sai sababbin motsi suka fara fitowa. Aka kawo tsohuwa na korar kaji. Aka kawo mai nono ta sauke ƙwarya. Ran da ya kawo direba na murɗa hannun mota, mahauci ya tsaya ya riƙe ƙugu.

Ya ce, "Baba Kofur, a ƙasar Sin ɗin ma motar gyaɗa gare su?"

Kofur ya ce, "Ka taɓa zuwa?"

"A'a."

"To murɗa."

A wannan safiyar ce muka ji dariya daga bakin gulbi. Wani dogon mutum ne baƙi wuluk, da jar hular soja a karkace da sigari a baki, jingine da kekensa. Shi ne sabon mai gadin duwan, wato kwastan ɗin can ɓangaren Faransa. Sarzan ake ce masa, abin da mu muke kira saje. Bai daɗe da dawowa daga yaƙin Faransa a wata ƙasa da yake kira Indoshin ba, can ma gabas ce mai nisa.

Ya gangaro ya yi sallama, ya ce, "Wanga mi ne ne kuke yi?"

Kofur ya ce, "Taici."

"Taishi dai. Kuma wanga ba shi ba ne. Wanga kamun kaji ne."

Ya jefar da sigarin, ya cire takalmi, ya buɗe ƙafafu. Wallahi sai ga shi yana yin abin nan namu, amma wani iri, dogo, mai faɗi, hannuwansa suna juyawa kamar gajimare. Ya yi wasu da ba mu taɓa gani ba, har da tsayuwar zakara a ƙafa ɗaya da wani ja da baya da ya ce sunansa korar biri. Ya ce shi wani mai sayar da magani ne, mutumin Sin, ya koya masa a wani babban birni na bakin teku.

Kofur ya ce, "Namu da hagu ake farawa."

Sarzan ya ce, "Da dama."

"Ni a hannun dattijo na koya, kukun asibitin soja."

"Kuku. Ni a hannun mai magani. Kuma ni sarzan ne, kai kofur."

"Sajen Faransa ko ɗan sandan kasuwa bai kai ba a wajenmu."

Da ƙyar muka raba su. Sarzan ya hau kekensa ya tafi, Kofur ya yini yana ɗaga gorar shinge da ƙarfi har dutsen ya kwance.

Da la'asar sai ga Kofur a rumfata. Ya rage murya ya ce, "Tela, kai ke da keken hawa. Ka riƙa zuwa wajen wancan dogon, ka ce kana son koyo. Duk abin da ya nuna maka ka kawo mini in duba kuskurensa."

Haka na sami malami na biyu. Wata safiyar ina gulbi, wata safiyar in taka keke in wuce shingenmu, in ratsa gonakin da ke tsakani, in isa bayan ofishin duwan inda Sarzan yake yi a ƙarƙashin wata bishiyar bedi. Shi salon koyarwarsa daban. Ba ya zagaya mutum, gaba yake tsayawa yana cewa, "Dusuma, Mushe Tela, dusuma," wai a hankali, Malam Tela, ke nan da bakin Faransa. In an gama ya ba ni gahawa baƙi mai ɗaci da wani burodi mai tauri kamar icen girki. Ban daɗe ba na gane shi ma da nasa ramin. Bai san yadda ake farawa ba. Ya ce lokacin da ya sami mai maganin, ɗalibai sun riga sun yi nisa, sai ya shiga daga inda ya tarar. Wata rana ya ɗan yi tari ya ce, "Shi wancan gajeren, yaya shike buɗe abin? Nuna mini in ga iyakar ɓatansa."

Na nuna masa. Ya sa na maimaita har rana ta ɗaga, wai yana ƙirga kurakurai.

Sai na zama ɗan aike tsakanin Ingilishi da Faransa, ina fita da wutsiyar tsuntsu ina shigowa da biri, kuma babu ma'aikacin kwastan da ya taɓa tare ni. Kowannensu in na kawo masa, sai ya yi tsaki ya ce shirme ne, washegari kuma in same shi yana yi a ɓoye bayan bukka. Wahalar a jikina ta taru. Ƙafata ta hagu ta Kofur ce, ta dama ta Sarzan. Wata safiya a gulbi kowacce ta ce ita za ta fara, na harɗe na zube a gaban matan da ke tonon ruwa.

Mahauci ne ya hura wutar. Kullum yana kai nama ɓangaren can, yana dawowa da magana. Ya ce wa Kofur, Sarzan ya ce da ɗan yatsa zai kayar da shi. Ya ce wa Sarzan, Kofur ya ce dogon mutum daɗin faɗuwa gare shi. Ƙarshe aka sa rana, ranar kasuwa, a wani fili tsakanin shingayen biyu, inda ba ɗan doka ba jandarma da zai ce ƙasarsa ce. Za a yi abin da su biyun suka yarda ana yi, wato turin hannu: a haɗa wuyan hannu da wuyan hannu, wanda ya fara gusawa ko ya faɗi an ci shi.

Mahauci bai ce wa mutane turin hannu ba. Cewa ya yi damben ƙasar Sin za a yi tsakanin sojan Ingilishi da sojan Faransa, kuma a irinsa ba a tashi sai an ɗauki wani a makara. Jama'a suka taru daga Bugaje, daga Daddara, daga ƙauyukan ƙetare. Masu fura da masu ƙosai suka baro kasuwa suka biyo mutane. Aka ɗauko makaɗin mahauta da kalangunsa. Har mai ɗakina ta aiko ƙanwarta ta gano mata.

Makaɗi ya saki kiɗa mai zafi, yana kirari, yana kiran Kofur guguwar Bama, yana kiran Sarzan rimin Faransa. Suka fito tsakiyar fili. Kofur ya tuɓe babbar riga, Sarzan ya gyara hula. Suka buɗe ƙafafu, kowa ya hau jakinsa. A hankali, a hankali, hannuwansu suka tashi suka haɗu. Fili ya yi tsit.

Shi ke nan. Ba abin da ya sake faruwa.

Ni kaɗai na san dalili, don ni kaɗai na zauna da su duka. Kowannensu abu guda malaminsa ya nuna masa game da faɗa: kada ka fara turi, ka jira abokin karawa ya turo, sai ka kauce ya faɗi da ƙarfinsa. Kofur yana jiran Sarzan. Sarzan yana jiran Kofur.

Makaɗi ya yi ta kiɗa har gumi ya jiƙa masa riga. Ya rage sauri ko za su bi shi, ya ƙara ragewa, har ya koma buga ɗaya ya huta ya buga ɗaya. Wani daga baya ya ɗaga murya ya ce, "An fara ne?" Mahauci ya ce, "Ku yi shiru, a ciki suke dukan juna." Maganar ta zagaya, mutane suka matso suna leƙen cikinsu. Wata tsohuwa ta rantse ta ga haƙarƙarin dogon ya motsa.

Rana ta take. Inuwarsu ta gajarce ta koma ƙarƙashinsu. Masu fura suka sayar da komai suka kife ƙorai. Wasu suka tafi azahar suka dawo suka tarar da su yadda suka bar su. Wani raƙumi da aka ɗaure a gefe ya gaji da kallo ya durƙusa. Ni ina tsugune kusa da su, sai na ji wani ɗan sauti yana fita daga wajen Kofur, siriri, a jere. Na duba. Idonsa a rufe. Ashe barci yake, a tsaye, irin wanda ya koya a gadin soja, ya jingina nauyinsa duka a wuyan hannun Sarzan.

Kafin in yi wani abu, wani ƙaton ƙudan shanu ya baro raƙumin ya sauka a kan hancin Sarzan. Ya murɗa hanci, ya hura iska ta gefen baki, ƙuda bai tashi ba. Da ya gantsara masa cizo, Sarzan ya fizge hannu ya kai wa fuskarsa mari. Kofur kuwa, da abin da ya jingina da shi ya gushe, sai ya tafi gaba a miƙe kamar gorar shingensa, ya kife a ƙasa, wandonsa ya yage tun daga ƙugu har gwiwa.

Fili ya kaure. Mutanen ƙetare suna ihu nasu ya ci. Namu suna cewa ai dogon ne ya mari kansa, wanda aka mara kuwa shi aka ci. Sarzan, da shatar yatsunsa a kunci, ya ce abin da ya yi shi ne ainihin taishi, ya kauce abokin gaba ya faɗi. Kofur ya ɗago da yashi a gemu ya ce shi bai faɗi ba, maciji na rarrafe ya shiga, kuma da an bar shi da yanzu dogon yana ƙasa. Aka ce makaɗi ya raba gardama. Ya rataya kalangunsa ya ce shi a iya ganinsa ƙuda ne ya yi nasara, kuma ya yi masa kirari mai kyau kafin ya tafi.

A rumfata aka ƙare, don dole a ɗinke wandon kafin Kofur ya iya ratsa gari. Ya zauna ɗaure da zanen da na ara masa, Sarzan ya zauna a ɗaya gefen yana shafa kunci. Ba mai kallon wani. Ina cikin taka keke sai Sarzan ya ce, kamar da bango yake magana, "Can inda kuka je, ruwa shina yi kamar an huda sama?" Kofur ya ce, "Har takalmi ke tsiro." Sarzan ya ce su ma haka. Suka shiga zancen matsattsaku da sauro da shinkafa marar miya, da abokan da suka tafi tare ba su dawo tare ba. Na gama wandon na riƙe shi a cinya, ban miƙa ba sai da aka kira la'asar.

Daga ranar aka haɗe makaranta. Kofur ke jan farko, Sarzan ya karɓa daga tsakiya. Wurin da na wannan bai kai na wancan ba, aka bar tsohuwa na korar kaji ta cike, har Sarzan ya ce in an duba da kyau tana da ma'ana. Maganar hagu da dama ba ta mutu ba, sai aka yi sulhu, ran da aka yi a gulbinmu hagu, ran da aka yi a ƙarƙashin bedi dama. Mahauci ya daina zuwa. Ya ce shi ya ga iyakar abin, in faɗa ya tashi gara ya nemi ƙuda.

Da damina ta matso aka yi wa Sarzan canjin wurin aiki zuwa can wajen Damagaram. Ya ce mana akwai motsi ɗaya da ya rage, na rufewa, wanda ba a nuna shi sai ranar rabuwa. Muka raka shi bakin duwan, ni da Kofur. Motar da zai bi cike take da buhuna, ya hau can ƙololuwa da akwatinsa na ƙarfe. Direba ya tayar da mota. Sarzan ya miƙe tsaye a kan buhunan, ya ce, "Ku duba da kyau, sau ɗaya zan yi!"

Ya buɗe hannuwa a hankali, ya ɗaga su sama, ya fara sauko da su gaban ƙirji. Daidai nan motar ta faɗa wani rami. Sarzan ya yi sama, ya dawo da baya tsakanin buhuna, ba ka ganin komai sai dogayen ƙafafunsa biyu suna harbin iska, har motar ta sha kwana.

Muka bi ƙurar motar da kallo. Na ce, "Baba Kofur, ramin ne ya kayar da shi."

Kofur ya ce, "Kai ka san taici ko shi? Mutum ya ce ka duba da kyau."

Washegari a gulbi, da muka zo ƙarshe, ya ɗaga hannuwa, ya sauke su gaban ƙirji, ya kwanta da baya a yashi ya ɗaga ƙafafu sama. Ya leƙo ni ta tsakaninsu ya ce, "Mi kake jira?" Na duba hagu da dama, matan ruwa sun riga sun ajiye tuluna sun gyara tsayuwa. Na kwanta na ɗaga nawa.